Rahoton Ayyukan Shekara: Halin da Tsohon Lambun En'e Yake Ciki

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Iyayen ƙungiya, shugaba, 'yan kwamiti, da sauran 'yan uwa na gida da mazauna Kano, Dutse da Abuja, ga rahoton bana daga hannun magatakarda, kan tsohon lambun En'e (hukumar gargajiya ta da) da ƙungiyarmu ke kula da shi.

An yi tarukan wata-wata, in ban da biyu da aka ɗage saboda ba a samu yawan mutanen da ƙa'ida ta ce ba. Abin da aka tattauna yana cikin littafi.

Kuɗin wata

A nan za mu fara, domin duk abin da za ku karanta a ƙasa daga nan ya samo asali. Waɗanda suka biya kuɗinsu cif ba su kai rabin sunayen da ke rajista ba, kuma su ne dai fuskokin bara da na bara waccan. Ma'aji ya bi shago-shago ranar kasuwa, an tura saƙo a WhatsApp, an ba da lambar asusu ga waɗanda suka ce nisa ne ya hana su. Wasu sun buɗe saƙon sun yi shiru. Wasu sun ce sai an yi kaka. Ga shi an yi kaka, an sayar da riɗi, ba mu gan su ba. Cikakken lissafin shiga da fita yana wajen ma'aji, mai binciken kuɗi ya sa hannu, kowa na da damar dubawa. Muna roƙon a duba ɗin kafin a yi magana a majalisa.

Katangar gabas

An fi yi mana tambaya a kanta, kuma akasarin masu tambayar suna cikin masu bashin wata shida zuwa sama. Katangar ta tsaya a layi na biyar. Ba cin kuɗi aka yi ba, ga yadda lissafin yake. Kowace murabba'in mita tana cin bulo 10. Kwamitin aiki ya ƙi sayen bulon kasuwa, wanda ake buga 50 ko fiye daga buhun siminti ɗaya, domin irinsa ne aka yi ɓangaren kudu da shi ruwan 2022 ya kwantar. Mun buga namu, 30 zuwa 35 a buhu, aka yi masa bayi safe da yamma har mako guda. Bayan haka akwai ginshiƙi duk bayan mita 3, kowanne da rodi huɗu da zobba, da kafofin ruwa a layin ƙasa, saboda ruwan unguwar gabas ta nan yake bi ya faɗa kududdufi. Katangar da ba ta da mafitar ruwa madatsa ce, damina ɗaya za ta ture ta. Tsakanin ranar da aka yanke kasafi da ranar da kuɗi ya taru, farashin siminti ya tashi. Da an biya a kan lokaci, da yanzu maganar ƙofa muke yi.

Kafin a samu kuɗin ƙarasawa, kwamiti ya ba da shawarar a toshe gefen arewa da aguwa. Ana yanko rassa masu tsawon kamu biyu a ƙarshen bazara, a bar su a inuwa kwana biyu zuwa uku ƙaron ya bushe, a kafa su taki ɗaya tsakani, layi biyu a sarƙe. Dabba ba ta cika cin ta ba, ba ta buƙatar bayi. Abin da take buƙata kawai hannu ne.

Famfo da bayi

Tuƙa-tuƙan lambu ya tsaya a tsakiyar rani. Da aka buɗe kai an tarar sarƙa ta ci, robobin silinda sun lalace, bututu biyu sun huje saboda tsatsa. Alamar ta daɗe: sai an yi ta bugu kafin ruwa ya hau, kuma da safe bututun ya zube sarai. Da an canza robobin tun lokacin, aikin yini ɗaya ne da kuɗi kaɗan. Jiran kuɗi ya sa aka yi mako uku ana sayen ruwa a hannun 'yan ga-ruwa. Kowane dashe yana shan rabin jarka sau biyu a mako, kura mai jarka 12 tana shayar da dashe 24, dashe 120 kuwa kura goma ke nan kowane mako. Wannan shi ya cinye abin da aka ware wa bencina. Maganar sola da tanki tana nan, an kai takarda inda ya kamata, ana jiran amsa.

Dashe

Daga cikin 120 ɗin da aka dasa bara, kusan kashi biyu cikin uku ne suka ga damina. Mun bi ramukan da suka mutu ɗaya bayan ɗaya, dalilai uku ne. Akwai waɗanda aka binne da ledarsu, saiwa ta nannaɗe a ciki. Akwai waɗanda aka zuba wa ɗanyen taki, ya ƙona saiwa ya kuma jawo gara. Sauran awaki ne, daga ranar da aka saki dabbobi bayan kaka. Saboda haka na bana an yi shi a tsanake a watan Yuli, bayan ruwa ya zauna: rami ƙafa biyu faɗi, ƙafa biyu zurfi, ƙasar sama gefe guda, a gauraya ta da kwanon sarki ɗaya na ruɓaɓɓen taki da ɗan tafin toka, ita za a fara mayarwa, a tsaga leda da reza a cire, a danne ƙasa a yi mata kwano. Mangwaro mai aure, wato wanda aka haɗa reshen iri mai kyau a kan wata uwa, mita 10 tsakani, kuma kada a binne wurin auren. Duk tohon da ya fito ƙasa da auren a fizge shi, in ba haka ba uwar za ta rinjaya, bayan shekara huɗu a tarar da mangwaro mai zare maimakon binta-suga.

Tsofaffin maɗatai kuwa, masu neman magani ne matsalarsu. Ba mu hana ɗibar ɓawo ba. Abin da muka hana shi ne a zagaye gindi da sassaƙa, domin in aka yanke ɓawon ya haɗe, abincin da ganye ke aikawa saiwa ya yanke ke nan, itacen zai bushe a tsaye. Ɗaya ya riga ya tafi ta haka. Mai Unguwa ya sa an yi shela: a ɗiba a tsaye, gefe ɗaya, kada ya wuce faɗin tafin hannu, a shafe wurin da laka. An kuma sare kaucin da ya kama ɗorawa biyu, tare da reshen da ya hau.

Bikin Sallah a lambu

Alhamdu lillahi, wannan shi ne abin da ya wanke mana zuciya bana. Kowa ya san al'adar yaranmu ta zuwa gidan zu na Kano da Sallah, wanda aka buɗe tun zamanin Gwamna Audu Bako, lokacin da mu ma muna cikin Jihar Kano, kafin a ƙirƙiro Jigawa ranar 27 ga Agusta, 1991. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, kuɗin motar kai yara biyar Kano da dawowa ya fi ƙarfin magidanta da yawa. Shi ya sa taro ya yanke a buɗe lambu ranar biyu da ta uku ga Ƙaramar Sallah.

An fara shiri tun goman tsakiyar azumi. An share, an ƙone tarin ganye a wajen lambu don kada wuta ta lashi gindin itatuwa. An datse rassan darbejiya da suka bushe a kan hanyar shiga, domin iskar bazara ba ta sallama. An shafa wa gindaye farar ƙasa. Mai walda ya canza sarƙoƙin lilo guda huɗu ya ƙara wa ƙafafun kankare, aka fara gwada su da manya kafin a bar yaro ya hau. Zumar da ke kogon kuka an kira masu sana'ar suka ɗebe ta da dare, mako guda kafin ranar. An rufe bakin tsohuwar rijiya da murfin ƙarfe da kwaɗo. An jera randuna takwas a inuwar tsamiya. Ƙofar yamma ta mata da ƙananan yara, ta kudu ta maza, 'yan sintiri a kowacce. An ware tabarma ɗaya kusa da lasifika don yaran da suka ɓace wa iyayensu, kuma ta yi aiki ƙwarai.

Sallar ta faɗo cikin tsananin zafi, sai inuwar kanta ta zama abin kallo. Mutanen ƙauyukan kewaye sun zo a kan babura da amalanke. Mai girma Hakimi ya zo da la'asar ranar farko tare da dagatai, ya zagaya a ƙasa. An yi langa, an yi kokawar yara, 'yan mata sun yi gaɗa, dattawa sun haƙa gurbin dara a gindin ceɗiya ba su tashi ba sai da aka kira magariba.

Abin da ya fi jan mutane, wanda ba mu zata ba, shi ne zagayen tarihi. Baba tsohon malamin daji, Allah ya ƙara masa lafiya, ya ɗauki yara rukuni-rukuni yana tsayawa a gindin kowane itace. Ya nuna musu layin maɗatan da aka fara shukawa zamanin En'e, lokacin da wurin yake gandun renon itatuwa, daga nan ake ɗibar dashen da ake jerawa a bakin hanya da kasuwa da makaranta. Ya gaya musu darbejiyar da suke gani ko'ina baƙuwa ce, asalinta ƙasar Indiya, a Borno aka fara shuka ta a ƙasar nan a 1928. Yaran ba su yarda ba sai da malaminsu ya tabbatar. Ya nuna musu kwatamin siminti da ake jera tukwanen reno, da rijiyar da unguwa uku suka dogara da ita a farin 1973. Ya bayyana yadda wurin ya koma hannun ƙaramar hukuma bayan gyaran tsarin ƙananan hukumomi na 1976, ma'aikata suka yi ta raguwa har ya zama makiyaya da juji, kafin ƙungiyar nan ta karɓi kula da shi.

A gindin gawo ya fi daɗewa. Ya sa yaran suka ɗaga kai suka ga ganye shar a cikin rani, ya ce su dawo da damina za su tarar da shi tsirara, shi ya sa manomi ba ya sare shi: ba ya yi wa gero inuwa, ganyensa taki ne, 'ya'yansa abincin dabbobi. Daga nan suka bi kanya, kurna, aduwa, goruba da giginyu biyun da ke bakin kududdufi. An liƙa wa kowane itace allon kwano da sunansa da boko da ajami, aikin ɗaliban babbar firamare. Iyaye mata sun yi ta tsayawa suna karanta na ajamin. Jemagun da ke rataye a saman maɗatai ma sun samu 'yan kallo, da tsiryoyin da ke kogon tsamiya.

Ba a yi faɗa ba, ba a yi sata ba, ba wanda ya ji rauni in ban da yaro ɗaya da ya gurje gwiwa. Kuɗin ƙofa da na masu sayar da ƙanƙara, awara da rake shi ya biya bashin gyaran famfo, ya sayi dashen bana. Muna godiya ga matan ƙungiya da suka riƙe ƙofar yamma yini biyu, da matasan da suka kwana suna gadi. Muna kuma lura da cewa wasu 'yan uwa da ba mu gani a shara ko ɗaya ba sun iso da manyan riguna lokacin da Hakimi ya zo, har sun shiga hoto a sahun gaba. Mun gode da zuwan. Ma'aji ya ce shi ma ya gan su.

Abin da ba a yi ba

Banɗaki bai samu ba, kuma shi ne ƙorafin da mata suka fi yi a bikin. An haƙa rami, ruwa ya sauko kafin a samu bulon ɗaure shi, gefe ɗaya ya rufta, an mayar da ƙasa don kada yaro ya faɗa. Bencina shida da aka yi alkawari, biyu aka zuba. Takardar shaidar filin tana nan ana bi. Wanda aka ɗora wa aikin ya ce sai an kawo mai awo ya fitar da taswira, shi kuma mai awo ba ya zuwa kyauta. Wannan ba abin wasa ba ne, domin an riga an ga turakun wani a kusurwar arewa, sai da Dagaci ya sa baki aka cire. Ba a maimaita bikin da Babbar Sallah ba saboda mutum bakwai ne suka zo taron shiri.

Kwamiti zai kawo wa babban taro shawara uku: wanda ya kai wata goma sha biyu bai biya ba a dakatar da ƙuri'arsa har ya biya, wanda ba shi da halin kuɗi ya karɓi dashe goma ya riƙa yi musu bayi a madadin kuɗin wata, a rubuta sunansa a kansu, mazauna nesa su biya na shekara gaba ɗaya lokacin da suka zo Sallah.

Nan da 'yan kwanaki za a saki dabbobi, kuma fiye da rabin dashen bana ba su da kariya. Akwai gayya ranar Asabar mai zuwa bayan sallar asuba. Kowane dashe yana buƙatar turke huɗu masu tsawon ƙirji, a ɗaure da kara ko zana, a kewaye da ƙayar magarya daga waje, a bar tazarar kamu ɗaya tsakanin kariyar da ganye don kada akuya ta miƙa wuya. A zo da adda, da dagi, da igiya. Duk mai amalanke ya taimaka da ɗauko ƙaya daga gonar makaranta. Ma'aji zai zauna a gindin tsamiya da littafinsa da rasit.

Wassalamu alaikum.

Magatakarda, a madadin kwamitin gudanarwa.