Kafin a ɗora wa cajar waya laifin cinye yunit

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Sana'ata gyaran wutar lantarki ce, kuma kukan da na fi ji a bakin magidanta shi ne yunit ba ya daɗewa. Sai ka tarar maigida ya tasa yara a gaba da faɗa kan cajar waya, alhali hita na can tana aiki babu mai waiwayarta.

Lissafin ba shi da wuya. Kusan kowace na'ura akwai lamba a jikinta mai harafin W, wato wat. A ninka lambar da awoyin da na'urar ke aiki, a raba da 1000, abin da ya fito shi ne yunit. Caja mai wat 10, ko ta yi awa 3 kullum, da ƙyar take cin yunit ɗaya a wata. Hita mai wat 2000 kuwa, awa ɗaya tak ta lashe yunit 2, wata guda 60 ke nan. Duk abin da aikinsa fitar da zafi ne, irin su dutsen guga, butar lantarki da rishon lantarki, shi za a fara tuhuma. Kwan fitila ma ba abin rainawa ba ne: tsohon yayi mai wat 60 guda 10, awa 6, sun ci yunit 3.6, na LED mai wat 9 kuma ɗan sama da rabin yunit.

Firiji ne dai lambar jikinsa ba ta faɗin komai sosai, domin injinsa tashi yake yana hutawa. Idan robar ƙofa ta saki, ko an manna shi da bango, hutun ya ragu, mai gida bai sani ba. Irin wannan sai an gwada. Akwai ƙaramar mita da ake sawa a soket, a jona na'ura a kanta, ta nuna abin da ta ci. A bar firiji a kanta kwana ɗaya cur, domin gwajin minti biyar yaudara ce.

Wanda ba shi da ita, mitar gidansa ma ta ishe shi. Mitoci da yawa suna da ɗan jan haske mai ƙiftawa, da rubutu kusa da shi kamar 1000 imp/kWh, ma'ana ƙiftawa 1000 yunit ɗaya ce. A kashe komai, sannan a riƙa kunna kaya ɗaya bayan ɗaya ana kallon saurin ƙiftawar. Da haka ake kama na'urar sanyaya ɗaki da injin jan ruwa, waɗanda galibi ba a soket suke ba. Idan kuma an kashe komai amma haske bai daina ƙiftawa ba, to a kira ma'aikaci ya bi wayoyin, kada a buɗe mita da hannu.

Na gode da ba ni fili.

Naku,
Wani mai gyaran wutar lantarki