Wasiƙa zuwa ga aminina game da kuɗin magani

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata jiki ya yi sauƙi, iyali kuma suna cikin ƙoshin lafiya. Saƙonka ya iso, kuma abin da ya tsaya mini a rai shi ne maganarka ta ƙarshe, inda ka ce kana shan ƙwayar yau ka tsallake gobe domin ta kai ka ƙarshen wata. Ban ga laifinka ba, amma hankalina bai kwanta ba, shi ya sa na zauna na rubuto maka da tsawo.

Maganin da aka rubuta maka, wato hyoscyamine, ba ya warkar da tushen ciwon, kwantar da shi yake yi. A bangon hanji da na mafitsara akwai tsoka mai motsi ba da umarnin mutum ba, wani sinadari ne da ake kira acetylcholine yake sa ta matse, idan kuwa matsewar ta wuce kima sai ciki ya riƙa murɗawa, ko fitsari ya matso ba shiri. Maganin yana tare wannan sinadarin ne har tsokar ta saki. Ƙaramar ƙwayar ba ta wuce 'yan awoyi tana aiki a jiki, saboda haka ranar da ka tsallake, babu sauran ta jiya da za ta kare ka. Sai dai akwai waɗanda likita ke ce wa su sha lokacin da ciwon ya taso kaɗai. Ka tambaye shi ko kana cikinsu, domin idan haka ne, kwali ɗaya zai daɗe maka ba tare da ka cuci kanka ba.

Babban abin da nake roƙonka shi ne ka gaya wa likitan gaskiya, cewa kuɗin ya fi ƙarfinka. Na san halinka, ba ka son a ga gazawarka. Ni ma haka na yi lokacin jinyar mahaifiyata, na shafe watanni ina cin bashi kafin na iya buɗe baki, ranar da na faɗa kuwa, nan take likitan ya sake rubuta takardar. Likitoci da yawa ba su da labarin abin da ake biya a kantin magani, kuma idan ka koma ciwo bai lafa ba, ka ɓoye cewa ba ka sha yadda aka ce ba, zai ɗauka maganin ne ya gaza, ya ƙara maka adadi ko ya rubuta wanda ya fi tsada.

Ka nemi ya rubuta sunan maganin na asali, ba sunan kasuwa ba. Levsin, alal misali, suna ne da kamfani ya raɗa, abin da ke ciki kuwa hyoscyamine ne. Haƙƙin mallakar sabon magani yakan kai shekara 20, bayan nan wasu kamfanoni su sami damar yin irinsa da araha, wannan kuwa tsohon magani ne da aka sani tun ƙarni na 19. Siffarsa ma tana shafar kuɗinsa: akwai ƙwaya mai miligiram 0.125 da ake sha sau da yawa a yini, akwai mai 0.375 da ke narkewa a hankali, kuma farashinsu yakan bambanta. Kada dai ka tauna ko ka daka mai narkewa a hankalin, domin abin da aka tsara ya shiga jini cikin awoyi zai shiga gaba ɗaya.

Idan duk da haka kuɗin maganin bai yi sauƙi ba, akwai danginsa. Ga murɗawar hanji akwai dicyclomine da hyoscine butylbromide, wanda aka fi sani da Buscopan, ga mafitsara kuma akwai oxybutynin. Likita ne zai zaɓa, ba kai ba, kuma kada ka haɗa biyu, domin illarsu iri ɗaya ce, taruwa take yi: bushewar baki, taurin bayan gida, gani dishi-dishi, raguwar gumi, har da riƙewar fitsari da rikicewar tunani ga masu shekaru. Idan an taɓa ce maka kana da hawan jinin ido, lallai ka faɗa masa.

Sauran hanyoyin tafiya ce da tambaya. Ka duba kantin magani uku ko huɗu masu rajista kafin ka saya, ka tambayi mai haɗa magani ko na wata uku a haɗe ya fi araha. Idan kana da inshorar lafiya, ka nemi jerin magungunan da suke biya ka kai wa likita. Asibitoci da yawa suna da ofishin taimakon marasa ƙarfi, wasu kamfanonin magani ma suna da irin wannan tsari.

Abin da nake tsoro shi ne arahar da ba ta da tushe. A shekarar 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin 10 na magungunan da ke yawo a ƙasashe masu tasowa jabu ne ko marasa inganci. Ka guji masu sayarwa a intanet ba tare da neman takardar likita ba. Wani kuma zai iya ce maka ai sinadarin hyoscyamine yana cikin zaƙami. Gaskiya ne yana ciki, amma babu mai iya auna yawansa a ganye ko 'ya'ya, kuma yana gusar da hankali, yana kisa. Don Allah kada ka kusance shi.

Ka turo mini hoton takardar likitan da na kwalin da kake saya. Na ware ɗan abin da zai ishe ka na wannan watan, kada kuma ka ce mini a'a, domin kai ma ka tsaya mini lokacin da nake cikin buƙata. Idan ka ga jini a fitsari ko bayan gida, ko zazzaɓi, ko fitsari ya ƙi fita, ka tafi asibiti a ranar, kada ka jira ranar da aka sa maka.

Ka gaishe mini da Hajiya da yara. Allah ya ba ka lafiya, ya sa kaffara ne.

Naka,
Amininka