Kada A Sayi Turbo Da Ido

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili in ja hankalin 'yan uwana direbobi da masu motoci a nan Legas, musamman masu Hilux da masu lodi a Apapa, kan wata asara da nake gani a gareji kusan kullum. Da turbo, wato na'urar da ke ƙara wa inji iska, ya mutu, sai Alhaji ya tura yaro kasuwar Ladipo a ɗauko mai kama da tsohon, ko ma wanda ya fi shi girma, wai don mota ta ƙara ƙarfi. Wallahi abin yana ci mini rai.

Tun 1905 wani injiniyan ƙasar Suwizalan, Alfred Büchi, ya yi rajistar wannan fasaha, kuma har yau tushen aikin bai canza ba. Farfela biyu ce a kan ƙarfe ɗaya: hayaƙin inji ya juya ɗaya, ɗayar ta danna iska cikin inji, da gudun da kan haura juyi 150,000 a minti guda. Abin da ke irin wannan gudu ai ba a zaɓensa da ido.

A duba gidan farfelar ɓangaren hayaƙi, wanda ya naɗe kamar katantanwa. A kan wasu za a ga A/R da lamba, misali 0.48 ko 0.82. Faɗin hanyar hayaƙi take nunawa. In lambar ƙarama ce, da ka taɓa totur turbo ya ɗauka, sai dai a babban gudu inji yakan shaƙe. In babba ce, sai ka taka ka jira, sai inji ya yi sama sannan ƙarfin ya zo. To wanda ke wuni a gosulon Oshodi, ko yake hawa gadar Ijora da kaya niƙi-niƙi, me babban turbo zai tsinana masa? Sai baƙin hayaƙi da shan gas, don mai ya shiga inji iska ba ta iso ba.

Kuma iri-iri ne. Akwai mai 'yar ƙofa da ke buɗewa ta rage hayaƙi in matsin iska ya yi yawa, akwai tagwaye a wasu manyan injina, sannan akwai mai ƙananan fukafukai a ciki masu buɗewa da rufewa. Hilux mai injin 2KD na farko-farko, lita 2.5, turbo samfurin CT16 take ɗauka. Mai 1KD, lita 3.0, kuwa CT16V, wanda kwamfutar mota ke sarrafa fukafukansa. Harafi ɗaya ya raba su, amma ba sa maye gurbin juna. Sau da yawa ma irin wannan ba mutuwa ya yi ba, baƙin hayaƙi ne ya daskare ya riƙe fukafukan, wanki kawai yake so.

Ranka ya daɗe, ga abin da nake gaya wa masu kawo mini aiki. A ɗauki hoton ɗan farantin lambar da ke jikin tsohon a tafi da shi kasuwa. In tokumbo ne, wato na hannu da aka shigo da shi daga waje, a sa yatsa a girgiza farfela. In tana gogar bango, a bar musu kayansu. Kafin a ɗaura, a wanke bututun da ke kai masa baƙin mai, a canza mai da filta, don yawanci nan ne ajalin na farkon ya fito. Direba kuma in ya dawo daga doguwar tafiya, ya bar inji a silo na minti ɗaya ko biyu kafin ya kashe.

Naku,
Makanikin injin gas,
Agege, Legas.