Abin da na koya a ɗakin gashi bayan karayar hannuna

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a shafin wasiƙu in yi magana a kan gashin ƙashi, wato aikin likitocin fisiyo, domin sunan da muka laƙaba wa aikin nan yana ɓatar da mutane da yawa, kuma ni ma ya ɓatar da ni.

Ni tela ne a Fagge, shekarata 22 a kan keke. Bara, saura mako uku a ɗauki azumi, na faɗi a babur, na dafa ƙasa da hannun dama, ƙashin wuyan hannu ya karye. Aka ɗauki hoto, aka gyara, aka sa filasta ta mako 6. Ranar da aka cire na yi hamdala, a zatona washegari zan koma shago in tarar da sauran ɗinkin Sallah. Sai ga hannu ya rame, ya ƙage, yatsu ba sa dunƙulewa. Almakashi ma na kasa buɗe shi, balle in yanka shadda. Likita ya ce ƙashi ya haɗe sarai, saura gashi, ya rubuta mini takarda.

Da na ji an ce gashi, abin da ya zo mini a rai shi ne tawul da ruwan zafi, sai na ce wannan ai uwargida ma za ta iya. Wata guda ana gasa mini hannu a gida, ana murza man zafi, ina shan maganin ciwon jiki daga kemis safe da dare. Zafin ya ragu, amma hannun yana nan kamar itace, ga ƙwannafi ya fara damuna. Daga baya na san cewa irin su diclofenac da ibuprofen, idan aka daɗe ana sha, suna iya ƙwarzane ciki, su taɓa ƙoda.

Da na je asibiti, kafin likitar fisiyo ta kunna wata na'ura sai da ta auna iyakar lanƙwasuwar hannun da wani ɗan ma'auni, ta rubuta. Ta sa na tsoma hannu cikin narkakken kaki mai ɗumi sau da yawa har ya zama kamar safa, aka naɗe na kimanin minti 15. Wata rana kuma fitilar nan mai jan haske ake haska mini. Akwai wata 'yar na'ura da ake manna wa fata, ka ji tana tsikararka a hankali kamar tafiyar tururuwa, tana rage raɗaɗi. Duk waɗannan akwai daɗi, har gyangyaɗi nake yi. Bayan su ne take kama hannun tana motsa gaɓar kaɗan-kaɗan, sannan ta ce in yi da kaina. A nan gumi yake.

A zuwa na huɗu ta sake awo, ta dube ni ta ce, "Malam, ba ka yin aikin gida ko?" wato motsa hannun da ya kamata in riƙa yi a gida. Na amsa laifina. Ta yi mini bayanin da har yau ban manta ba: zafi yana sassauta tsoka da gaɓa ne don su yarda a motsa su, na'urar tsikari tana danne ciwo na ɗan lokaci, amma gaɓar da ta yi makonni a ɗaure motsi ne kawai yake buɗe ta, tsokar da ta rame kuma aiki ne yake mayar mata da ƙarfi. Awa ɗaya a asibiti, sau biyu a mako, ba ta isa ba idan sauran kwanakin hannu yana rataye.

Daga ranar na ɗaura ɗamara. Bayan kowace salla ina haɗa tafin hannu biyu a ƙirji ina saukar da su ƙasa a hankali. Ina matsa ƙwallon roba, ina murɗa jiƙaƙƙen tawul, ina tsintar maɓallai ɗaya bayan ɗaya daga faranti. Da ƙarfi ya fara zuwa, sai ta ce in riƙa ɗaga ruwan leda guda, wanda nauyinsa rabin kilo ne, daga baya biyu. Bayan mako 9 na yanka riga da hannuna. Na yi hawaye a shagon, yarana suna kallo.

Akwai abu biyu da nake so jama'a su sani. Sabon targaɗe, wanda ya kumbura yana zafi, ba a fara masa da ruwan zafi ko murza. A kwana biyun farko ƙanƙara ake naɗewa a tsumma a ɗora minti 15 zuwa 20, a ɗaga wurin sama, a huta. In mutum ya kasa takawa kuma, a je a ɗauki hoto kafin kowa ya ja ƙafar. Sannan masu ciwon suga su kiyayi gashi da ruwan zafi, domin wasu ƙafarsu ta daina jin zafi sosai, sai su ƙone ba su sani ba. A layin ganin likita da nake bi a asibiti na ga dattijon da hakan ta faru da shi, da masu shanyewar ɓarin jiki, da masu ciwon baya, da wata mata da ke tasowa tun asuba daga ƙauye, kuɗin motarta ya fi kuɗin ganin likita.

Matar nan ce ta sa na ɗauki alƙalami. A birnin Kano muna da Asibitin Ƙashi na Dala da Asibitin Malam Aminu Kano, Jami'ar Bayero kuma tana yaye likitocin fisiyo. Ina roƙon gwamnatocin jihohinmu su ɗauke su aiki, su kai su asibitocin ƙananan hukumomi. Kai kuma Edita, ranar 8 ga Satumba ce ranar fisiyo ta duniya. Don Allah a ba ɗaya daga cikinsu shafi ya zana mana motsa jikin baya da gwiwa da hoto, a cikin Hausa, yadda zan iya yankewa in manna a bangon shago.

Naka,
Wani tela mai karanta jaridarku,
Fagge, Kano.