Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Gwamnan Babban Bankin Najeriya, Olayemi Cardoso

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina rubuto maka ne daga yankin Maigatari a Jihar Jigawa, inda duk ranar Alhamis ake cinikin shanu da raƙuma na miliyoyin naira. Yawancin kuɗin a aljihun babbar riga suke zuwa kasuwa, a aljihun wata rigar kuma suke komawa gida.

Mun ji umarnin da ka bai wa bankuna a watan Maris na 2024 cewa su ƙara jari: naira biliyan 500 ga masu hulɗa da ƙasashen waje, biliyan 200 ga masu aiki a faɗin ƙasa. Ba mu ƙi ba. Amma an yi irin haka a 2005, bankuna 89 suka dunƙule suka koma 25, kuma a 2009 sai da aka sauke shugabannin wasunsu saboda bashin da suka rabar ya ƙi dawowa. Jari yana da amfani, sai dai banki ba ya tsayuwa sai mai ajiya ya kwana da tabbacin gobe zai karɓi kuɗinsa.

Wannan tabbacin ne ya karye mana a farkon 2023, lokacin canjin kuɗi. Manomi ya kai tsofaffin takardu kamar yadda aka ce, sai ga shi a layi yana sayen kuɗin kansa a hannun mai POS, ana yanke masa kaso. Mai buhun gero ya sayar da arha don kawai ya riƙe tsaba. Tun daga nan, wanda ya sayar da riɗi gwamma ya sayi tunkiya ko ya zuba adashi, kuma ni ban ga laifinsa ba. Da aka soke lasisin bankin Heritage a Yunin 2024, labarin rufewar ya iso ƙauye da wuri, amma 'yan kaɗan ne suka san hukumar NDIC, mai inshorar kuɗin da aka ajiye a banki, na biyan mai ajiya har naira miliyan 5 in banki ya rufe, ko miliyan 2 idan ƙaramin banki ne.

Roƙona, ranka ya daɗe, a riƙa bayanin wannan inshorar da Hausa a rediyo, da yamma bayan an dawo daga gona. A sa ido kan ladan da masu POS ke yanka. Bankunan da suka tara sabon jari kuma, musamman marasa kuɗin ruwa da mutanenmu suka fi natsuwa da su, a tambaye su rassa nawa za su buɗe kusa da kasuwanni irin su Gujungu da Sara.

Naka,
Wani manomin riɗi daga Maigatari