Abin da fenti, gilashi da ƙasa suke iya shaidawa a kotu

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarku domin in yi tsokaci a kan yadda ake ba da labarin shari'o'in da aka kafa hujja da ɓawon fenti ko ɓarɓashin gilashi ko ƙasar da ta manne a takalmi. Sau da yawa nakan karanta cewa gwajin kimiyya ya tabbatar da wanda ya aikata laifi, alhali kuwa abin da masu gwajin suke faɗa a gaban alƙali bai cika kaiwa nan ba.

Ba ina raina wannan ilimi ba ne. Ƙa'idar da aka gina shi a kanta, wadda ake dangantawa da Edmond Locard, mutumin da ya buɗe ɗakin gwaje-gwaje na 'yan sanda a birnin Lyon na Faransa a 1910, ita ce duk lokacin da abu biyu suka gogi juna, kowanne zai bar wani abu a jikin ɗan'uwansa. Tun kafin nan ma, a 1908, masanin Jamus Georg Popp ya kankare lakar da ta bushe a takalmin wani da ake zargi da kisa, ya tarar da ita hawa uku: na jikin fata yana da kashin dinya irin na ƙofar gidan mutumin, na tsakiya yana da jan yashi irin na inda aka tsinci gawar, na waje kuma yana da ƙurar gawayi da bulo irin ta kangon da aka ɓoye kayan laifin. Ƙasar gonar da wanda ake zargin ya ce can ya yini kuwa, ko ƙwaya ba a samu ba. Hujjar ta yi ƙarfi ne saboda jerin hawan ya nuna tafiyar mutumin daki-daki.

Fentin mota ma hawa-hawa ne, yawanci huɗu daga masana'anta, tun daga shafen hana tsatsa har zuwa na ƙyalli da ke sama. Idan mota ta buge mutum ta gudu, mai bincike yakan yanka ɗan ɓawon da ya maƙale a rigar wanda aka buge, ya duba gefensa a madubin ƙara girma, ya gwada sinadaran kowane hawa, sannan ya kwatanta da rumbun bayanai irin wanda 'yan sandan Kanada suke kula da shi. Abin da zai samu shi ne kamfanin da ya ƙera motar da ƙirarta da shekarun da aka yi amfani da wannan fenti, kuma motoci dubbai ne suka fito da shi. Motar da aka yi wa gyaran jiki aka sake fesa ta, ita ce fentinta ya fi nuna ta, domin da wuya a sami wata mai jerin shafe iri ɗaya da nata.

Haka batun gilashi yake. Wanda ya fasa taga, ƙananan ɓarɓashi sukan fantsamo baya su shige masa gashi da tufafi, ko da yake yawancinsu suna zubewa cikin 'yan sa'o'i. A ɗakin gwaji ana tsoma ɓarɓashin a cikin mai, a riƙa ɗumama man a hankali har gefen gilashin ya ɓace wa ido, kuma daga zafin da hakan ya faru ake lissafa yadda yake lanƙwasa haske. Idan lissafin ya saɓa da na tagar, an wanke wanda ake zargi daga wannan hujja. Idan ya dace, ma'anarsa kawai ita ce yana iya yiwuwa daga tagar ya fito, ko daga wani gilashin mai siffa ɗaya. Sai fa in an sami gutsure biyu da bakinsu ya haɗu daram kamar fasasshen kasko, a nan ne masani zai iya cewa asalinsu ɗaya.

Wuce gona da iri a wannan fage ya taɓa jawo ɓarna. A 2015 hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, FBI, ta amsa cewa a fiye da kashi 90 cikin ɗari na shari'o'in da ta sake dubawa, ma'aikatanta masu kwatanta gashi sun faɗi abin da ya zarce iyakar gwajinsu, kuma cikin waɗanda aka yi wa wannan shaida har da mutanen da aka yanke wa hukuncin kisa.

Saboda haka ina roƙon wakilanku na kotu su riƙa kawo mana lafazin masanin kamar yadda ya furta shi, su kuma tambaye shi yawan motoci ko tagogin da za su iya ba da sakamako iri ɗaya, da wanda ya tattara samfurin, da hannayen da ya bi kafin ya isa ɗakin gwaji.

Wassalam,
Mai bibiyar jaridarku.