Sanarwa Kan Zaman Tallar Kayan Girki

Assalamu alaikum ƴan'uwa mata, barkanmu da warhaka.

Ana sanar da mu cewa ranar Alhamis bayan la'asar za mu haɗu a gidan shugabarmu a nan Jidda, domin zaɓen abincin da za a dafa gaban baƙi. A ganina mu fifita masa da kabsa (dafa-dukan shinkafa da nama irin na Larabawa), saboda tandar da ba ta kamawa tana tallata kanta idan aka juya masa ba ta fashe ba, kabsa kuwa maƙwabtanmu Larabawa sun san ta. Miyar kuka mu bar ta, wankinta yana cin lokaci.

Kowace ta zo da riyal 20 na cefane. Kada a faɗi farashin kayan girkin sai baƙuwa ta ɗanɗana, kuma bashi sai da rubutu.

Allah Ya sa albarka, ku huta lafiya.